Tambaya kan Al Green: fasto ne amma har yanzu yana rera wakokin soyayya, ya abun yake?

Dan_Kibod:

Salama a gareku yan uwa. Dan Allah masu sanin tarihin Al Green ku taimaka min, mawakin nan bakar fata na Amurka mai wakar Let's Stay Together. Na dade ina jin wakokinsa amma sai kwanan nan na gano ashe fasto ne, kuma ba jiya ba yau ba, tun 1976 yake da cocinsa a Memphis. Na shiga YouTube na ganshi yana wa'azi zufa na zuba jama'a na ta amin amin, bidiyo na gaba kuma sai gashi a wani katon dandali yana rera wakar soyayya yana jefa wa mata furanni. Abun ya daure min kai gaskiya.

Abinda nake so in sani, da gaske ne wai wata mata ce ta watsa masa abinci mai zafi shine ya tuba? Sannan ta yaya mutum zai fito daga dandalin waka ya zama shugaban coci cikin dan lokaci haka, wa ya nada shi? Wanda yafi damuna kuma, ya halatta fasto ya koma wakokin da ya bari da bakinsa yace ya bari?

Ba neman gardama nake ba. Ni ina buga kibod a band din cocinmu, ranar Asabar kuma ina bin wasu abokai muna kida a wajen biki, da shi nake biyan kudin makaranta. Wani dattijon ikkilisiya ya kira ni yace in zabi daya, kuma ina ganin girmansa sosai, shi yasa nake so in fahimci abun da kyau kafin in koma wajensa.

Kawu_Faifai:

Ɗana sannu da wannan tambaya. Faifan mutumin nan da hannuna na sayar da su lokacin ina da shagon kaset, saboda haka bari in ba ka labarin yadda yake, ka yi haƙuri da tsawo.

Maganar abinci mai zafi gaskiya ce amma ba ita ce mafarin tubansa ba, a nan mutane da yawa suke juya labarin. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa abin ya same shi ne a 1973, bayan ya yi wasa a Disneyland can California. Ya koma ɗakin otal ya kwanta, can wajen asuba ya farka yana ta yabon Allah da ƙarfi ya kasa tsayar da bakinsa. Lokacin nan kuwa yana kan ganiyarsa, babu abin da ya rasa, ba ciwo ba talauci ba kotu. Abin matar sai a shekarar da ta biyo baya ya faru.

Kuma shi ba baƙon coci ba ne. An haife shi a 1946 a jihar Arkansas, ubansa yana noma gonar wani ana raba amfani, su goma ne wajen iyayensu. Tun yana yaro yake bin 'yan'uwansa suna waƙar bishara coci coci. Da suka yi ƙaura zuwa Grand Rapids a jihar Michigan sai uban ya kama shi yana sauraren faifan Jackie Wilson, wani mawaƙin waƙar duniya, ya kore shi daga gida kan wannan kawai. To ka ga tun yana matashi an riga an dasa masa a rai cewa kiɗa iri biyu ne, na Allah da na shaiɗan, kuma ba sa kwana gida ɗaya. Ni a ganina duk abin da ya yi daga baya, da barin da komawar, kokawa ce da wannan magana ta ubansa.

A ƙarshen shekarun 1960 ya haɗu da Willie Mitchell, makaɗi mai shirya faifai, a wani gidan rawa a Texas, shi ne ya kawo shi Memphis, kamfanin Hi Records. Situdiyonsu tsohon gidan silima ne. Mitchell ne ya hana shi ihu ya ce ya sassauta murya ya rera a hankali, a bayansa kuma ga 'yan gidan Hodges su uku, ɗaya jita ɗaya bas ɗaya ogan. Daga 1971 abin ya kama wuta, Let's Stay Together ta hau lamba ɗaya a Amurka a farkon 1972, faifai bayan faifai. Amma in ka kasa kunne da kyau za ka ji cocin bai taɓa fita daga bakinsa ba, wani faifansa na 1973 da waƙar Yesu ya rufe shi, Take Me to the River kuwa ta 1974 rabinta maganar mace ce rabinta maganar baftisma.

Sai ranar 18 ga Oktoba 1974. Wata budurwarsa Mary Woodson tana gidansa a Memphis, tana son ya aure ta shi kuma bai yarda ba. Yana banɗaki ta ɗauko tukunyar tsakin masara da suke damawa, yana tafasa, ta juye masa. Ya ƙone a baya da ciki da hannuwa. Ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗauki bindigarsa ta harbe kanta. 'Yan sanda sun yi bincike sun samu takardar da ta bari, suka wanke shi. Ya daɗe yana jinya.

A 1976 ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi ginin coci a unguwar Whitehaven, ba nisa da gidan Elvis Presley, sunansa Full Gospel Tabernacle, aka naɗa shi fasto. Amma bai bar waƙar duniya nan take ba. A 1977 ya rabu da Mitchell ya fitar da faifan Belle da kansa, inda yake gaya wa mace cewa ita ransa ke so amma Ubangiji ne ba zai iya rayuwa babu shi ba. Kasuwa ta fara ja baya, domin masu zuwa kallo sun biya kuɗi su ji soyayya sai ya tsaya tsakiyar wasa ya kama wa'azi. A 1979 yana wasa a Cincinnati ya faɗo daga kan dandali, ya ɗauki wannan a matsayin gargaɗi na ƙarshe, daga nan ya rufe waƙar duniya.

Kusan shekarun 1980 gaba ɗaya bishara kawai ya rera. Abin da zai ba ka mamaki, duk shaharar nan ta baya bai taɓa cin Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka, ba sai da faifan bishararsa na farko na 1980, daga nan ya ci har takwas a ɓangaren waƙar bishara. Komawarsa kuma a hankali ta zo, a 1988 ya yi waƙa da Annie Lennox, a 1995 aka sa shi cikin Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan mawaƙa, sai 2003 shi da Mitchell suka yi cikakken faifan soyayya a wannan tsohon situdiyon. Cocin kuwa bai sake shi ba duk tsawon wannan lokaci. Baƙi daga ƙasashe suna zuwa ran Lahadi don su gan shi, su zauna tare da 'yan ikkilisiya a yi sujada ta awoyi.

Tarihi ke nan. Hukuncin halal ko haram na bar wa su Baba Rabaran.

Rabaran_Mai_Ritaya:

Kawu ka kyauta, Allah ya ƙara basira. Ɗana mai kibod, tambayarka ta uku ce ta fi damunka, amma ni ta biyun ce ta fi damuna.

Tubansa ba ni da ikon in yi shakka a kai. Allah yana kiran mutum a coci, yana kira a gona, yana kira a ɗakin otal. Abin da nake dubawa shi ne tsakanin 1973 da 1976, shekara uku, kuma a cikin ukun nan yana yawon wasa, ya shiga wannan mummunan bala'i, ya yi jinya. Yaushe ya zauna ƙarƙashin wani aka koya masa? Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura 3 aya 6, kada a ba sabon tuba shugabancin ikkilisiya don kada girman kai ya kumbura shi. A sura 5 ya ƙara da cewa kada a yi garajen ɗora wa kowa hannu. Ɗanyen gini ba a ɗora masa rufi sai ya sha iska, ko da tubalinsa masu kyau ne.

Za a ce ai Bulus kansa yana tuba ya fara wa'azi a majami'un Dimashƙu. Haka ne, ba da shaida kowa yana iya yi daga ranar farko kuma ya kamata ya yi. Amma shi Bulus ɗin ya gaya wa Galatiyawa cewa ya tafi Arabiya, sai bayan shekara uku ya je Urushalima, kuma an daɗe bayan wannan kafin ikkilisiyar Antakiya ta ɗora musu hannu shi da Barnaba ta aike su. Kiwon tumaki ba wa'azi kaɗai ba ne. Akwai sasanta miji da mata, akwai zama da mai jinya cikin dare, akwai binne yaro ka tsaya gaban uwarsa, akwai lissafin baiko. Murya mai daɗi ba ta koya wa mutum ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A wajenmu ka san yadda ake yi. Ikkilisiyarka ta shaide ka, ka tafi makarantar tauhidi, ko Kagoro ko Jos ko Bukuru ko Gindiri gwargwadon ɗarikarka, ka fito a tura ka inda aka ga dama, sau da yawa ƙauyen da babu ko hanyar mota, ka yi shekaru kafin a naɗa ka Rabaran. Kuma akwai majalisa a samanka da za ta iya dakatar da kai. Ba na cewa tsarinmu ba shi da aibu, mun ga waɗanda suka bi duk matakan nan suka ba mu kunya. Amma fasto da shi ya sayi ginin da kuɗinsa, shi ne sanannen da ake zuwa gani, wane dattijo ne zai iya kallon idonsa ya ce Fasto nan ka yi kuskure? Wannan ne tsorona a irin wannan coci, ko a Memphis ko a Legas.

Duk da haka zan ba shi haƙƙinsa. Mawaƙa da yawa sun ce sun samu kira, bayan shekara biyu uku ba ka ƙara jin maganar. Shi ya haura shekara 40 a coci ɗaya a unguwa ɗaya, kuma da ya zauna a waƙar duniya kawai da ya fi samun kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda yake wasan kwaikwayo ba ya daɗewa haka.

Maman_Yan_Biyu:

Baba Rabaran barka da hutawa, Kawu sannu. Ni akwai abinda yake ci min rai duk lokacin da aka kawo labarin nan. Kullum sai kaji ana cewa wata mata ta watsa masa abu mai zafi Allah yayi amfani da haka ya juyo da shi, shikenan an wuce, kamar ita matar an halicce ta ne kawai don ta zama sanadin shiriyar wani. Mary Woodson mutum ce fa, shekarunta 29 kacal, tana da miji da yara a New Jersey, yaran nan sun tashi babu uwa. Abinda tayi mugun abu ne babu mai cewa daidai ne, amma mace bata kai wa ga kashe kanta haka kawai, akwai ciwon da ke cinta a zuciya da babu wanda ya lura ko an lura an share. Shi ya warke ya hau bagade ana tafa masa, ita an binne ta. In zamu bada wannan shaida a coci to mu rika fadinta da nauyin zuciya ba da murna ba.

Sannan Kawu baka fadi maganar aurensa ba. A 1977 yana fasto ya auri Shirley Kyles, mawakiyar bishara ce, sun haifi yara mata uku, auren ya mutu a 1983 kuma a kotu ta zarge shi da dukanta ba sau daya ba. Bayan haka ta rika fita tana magana kan matan da ake duka a gidajen aure har da gidajen masu hidimar coci. Wannan surar da Baba ya kawo ai a cikinta aka ce shugaba kada ya zama mai saurin hannu, kuma ya iya rike gidansa da kyau. To me yasa in ana muhawarar Al Green kowa sai ya tafi kan wakar soyayya halal ce ko haram ce, babu mai tambayar ya matar fasto take kwana?

Ina fadin haka ne don a zumuntar mata mun gani da idonmu. Matar mai hidima zata zo da fuska a kumbure tace ta fadi ne, kowa ya san karya ne kowa yayi shiru don kar a bata sunan aikin Ubangiji. Ba ina cewa mutumin bai canja ba daga baya, Allah ne masanin wannan, kuma ina fata ya canja. Amma dana mai kibod, in zaka auna bawan Allah to ka fara daga cikin gidansa kafin ka je kan wakar da ya rera.

Abu_Khalil:

Assalamu alaikum, ni musulmi ne amma ina bin zauren nan saboda harkar kida, ku bani dama in sa baki kadan. Labarin nan ya tuna min da Cat Stevens na Ingila, kusan lokaci daya ma abun ya faru dasu. Shima yana tsakiyar shahara ya kusa nutsewa a teku a Malibu, dan uwansa ya kawo masa fassarar Alkur'ani, ya musulunta a karshen 1977 ya koma Yusuf Islam. Ya ajiye jita ya shiga harkar makarantun islamiyya a Landan da taimakon mabukata, sai a 2006 ya sake fitar da faifai irin na da, kuma wlh irin surutun da kuke yi a nan haka akayi a bangarenmu, wasu sukace ya koma ruwa wasu sukace a'a ya dai samu natsuwa ne.

Abinda na lura dashi shine mutum in ya tuba sabo sabo tsoron tsohuwar rayuwarsa yake ji, duk abinda ya shafe ta gudunsa yake, kuma yana da gaskiya don shi ya san me ke bayan dandalin, giya da kwaya da mata da yan kanzagi. Sai kafarsa ta tsaya da kyau sannan yake iya rarrabe wanne ne ainihin zunubin wanne ne sana'ar kawai. Bambancin dai shi Yusuf bai ce shi limami bane, naku kuwa jagorancin jama'a ya dauka, nauyin ba daya ba. Hajiya Maman Yan Biyu maganarki ta shige ni, mu ma muna da irin wannan shirun a gidajen wasu malamai. Allah ya kyauta.

Mai_Bas_Tudunwada:

Ina gaida iyayena. Ni dan band ne kamar mai tambaya kuma zan tsaya kan maganar wakar ne don naga kowa yana zagaye ta.

Wannan katangar da ake cewa akwai tsakanin kidan coci da kidan duniya, a tarihin bakaken Amurka kullum tsallake ta akeyi ta kowane bangare. Sam Cooke daga kungiyar bishara ta Soul Stirrers ya fito ya koma wakar soyayya a 1957, Aretha Franklin yar fasto ce a cocin babanta a Detroit ta koyi waka. Ta daya gefen kuma Thomas Dorsey da ake kira uban wakar gospel, da can piyano yake bugawa a wakokin blues har da na batsa, da ya tuba ya shigo da wannan salon cikin coci wasu fastoci suka ki yarda a rera wakokinsa sukace kidan mashaya ne, yau kuma sune wakokin da tsofaffi ke kuka in ana rerawa wajen jana'iza. Little Richard ma a 1957 yana tsakiyar yawon wasa a Ostireliya yace ya bari, ya tafi makarantar Oakwood a Alabama karatun Littafi Mai Tsarki, 1962 ya dawo, haka yayi ta kai da kawowa. Kod din, wato hadin sautukan, da nake bugawa ran Asabar sune dai nake bugawa ran Lahadi, yatsun basu canja ba.

Kuma mu duba me Let's Stay Together take cewa tukuna. Miji ne ko masoyi yake cewa mu zauna tare ko da dadi ko ba dadi, ba wannan bane alkawarin da fasto ke sa ango da amarya su dauka a gaban bagade? Littafi Mai Tsarki da kansa yana da Wakar Wakoki, sura takwas cur na soyayyar namiji da mace. In fasto zai daura aure ya kuma yi wa ma'aurata nasiha su so juna, ban ga inda rera musu hakan ya zama zunubi ba. Na yarda ba duka wakokinsa na da bane haka, akwai wadanda ni kaina bazan so inji fastona yana rerawa ba, amma ace duka haram ne wannan kam ban gamsu ba.

Ko a nan gida ai munga haka. Ebenezer Obey sarkin juju ne ya koma mai bishara a farkon shekarun 1990 ya kafa hidimar Decross, daga baya kuma ya ci gaba da zuwa bukukuwa yana kida. Sonny Okosun mai wakar Fire in Soweto shima ya koma bishara ya bude cocinsa a Legas kafin ya rasu a 2008. Chris Okotie shi kuma ya bar wakar pop ya kafa Household of God a 1987. Kowa da yadda ya bi, ba ka'ida daya bace.

Dan uwa mai kibod abinda nasan yana faruwa shine coci na son kida mai kyau kamar na faifai amma ba'a son biyan makadi, wani lokacin ko kudin mota babu, sannan in ka fita neman abinci ace ka zama dan duniya. A gyara wannan ma.

Rabaran_Mai_Ritaya:

'Yata Maman 'Yan Biyu, abin da kika faɗa shi ya kamata a fara faɗa. Kuma ya ƙara ƙarfafa tsoron da na ambata, domin auren nan da shari'ar duk a shekarunsa na farko a kan bagade suka faru, daidai lokacin da yake bukatar wani babba a samansa da zai ce sauka ka zauna tukuna ka gyara gidanka. A ikkilisiyar da ke da majalisa mai rai, irin wannan zargi kaɗai ya isa a dakatar da mutum har a bincika. Malam Abu Khalil mun gode, zaure naka ne.

Ɗana mai bas, ban ƙi maganarka ba, har ta kuɗin makaɗa, wannan laifinmu ne mu shugabanni. Ni ban taɓa koyar da cewa waƙar soyayya haram ce don tana ta soyayya ba. Da sojoji da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka sura 3, bai ce su ajiye aiki ba, ya ce su daina zalunci a cikinsa. Amma ka ƙara da wannan: Al Green da kansa sai da ya yi kusan shekara goma nesa da waɗannan waƙoƙi kafin ya iya komawa gare su. Ya san abin da suke tayar masa. Wanda ya ce ai Fasto Green ma yana yi, ya ɗauki komawar ya manta da shekarun nisantar, bai ɗauki labarin duka ba.

Mai kibod, kai ba fasto ba ne kuma ba sabon tuba daga gidan rawa ba, nauyin da ke kansa ba shi ke kanka ba. Ka koma wurin dattijon nan da ladabi ka tambaye shi ainihin abin da ya gani. Wataƙila ba kiɗan ba ne. Wataƙila ya ji ana kai wa ƙarfe biyu na dare, ko ana shaye shaye a wajen, ko ya lura kana gyangyaɗi a kan kibod da safiyar Lahadi, ko akwai kalmomin da mawaƙinku ke rerawa da ba su dace ba. Waɗannan duka ana iya gyara su ba sai ka rasa kuɗin makaranta ba. Ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki, nawa kake samu, me kake yi da shi. In ya nace sai ka zaɓa, ka roƙi a zauna da fastonku ku uku.

Dan_Kibod:

Nagode Baba, nagode Kawu da Mama da kowa. Gaskiya akwai biki biyu uku da muka kai dare sosai kuma akwai wata waka da mawakinmu ke yi da ni kaina bana jin dadin bugawa, zan fara yi masa magana a kanta. Ran Laraba bayan addu'ar yamma zan samu dattijon kamar yadda Baba yace.

Kawu in ba damuwa wanne faifan bishararsa zan fara nema? Ina so inji yadda ogan din yake tafiya a ciki ko zamu iya koyon daya da band.

Kawu_Faifai:

Fara da The Lord Will Make a Way na 1980, sannan ka nemi He Is the Light na 1985, wannan da Willie Mitchell suka yi shi, za ka ji sautin tsohon situdiyon ya dawo. In kana da data akwai fim ɗin Gospel According to Al Green na 1984, a ciki yana ba da labarin da bakinsa kuma an ɗauki sujada a cocin nasa. Ka sa kunne kan yadda mai ogan yake bin muryarsa lokacin wa'azi, yana amsa masa jimla bayan jimla, ba ya rufe shi. Wannan ne zai fi yi muku amfani a band.